Gidan da Babu Kaza

4 ga Maris

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ni dai alhamdu lillahi, gwiwar nan ce kawai take tuna mini shekaruna idan zan tashi daga tabarma. Hawan jinin ya kwanta tun da na rage gishiri. Kunnen kuwa yana nan da nauyinsa, shi ya sa ban sayi wata waya ba tun da waccan ta faɗa bokitin wanki. Ban yi asarar komai ba. Maganar waya iska ce, ta takarda kuwa ko bayan shekara ana iya ɗauko ta a nuna wa mutum abin da ya ce. Direban da ke kai muku abincin tsuntsaye ya yarda ya riƙa biyowa ta nan duk bayan mako biyu, tunda hanyarsa ce. Allah ya yi masa albarka, ya fi waɗansu 'ya'yan sanin darajar tsoho.

Auta, yau wata goma sha huɗu rabon ki da gidan nan. A kalanda na ƙirga, ba da ka na faɗa ba. Ana gama zaman makokin babanki kika ɗauki jaka, kika ce aiki. Ban hana ki ba. Ni ma shekara talatin na yi ina buga keken rubutu a ofis, na san aiki, amma wanda na sani yana da hutu. Yayanki yana ƙetaren teku, shi uzurinsa jirgi ne. Ke mene ne naki, da tafiyar yini ɗaya a mota?

Har yau kuma ban gane aikin naki ba. Matan unguwa suna tambaya, in ce kina kiwon tsuntsaye. Su ce kaji ko zabi? In ce a'a, waɗansu ne masu dogon wuya, ba a cin namansu, ba a cin ƙwansu, kallonsu kawai ake yi a gidan namun daji. Sai su canza magana don suna jin nauyina.

Kajina goma sha bakwai suna nan lafiya. Gurguwa, wadda ƙofa ta danne wa ƙafa tana 'yar tsako babanki ya ɗaure mata da tsinken ashana, ta daina ƙwai amma ba ta daina mulki ba. Kullum da safe ita ke fara zuwa bakin kicin, ta karkata kai tana kallona da ido ɗaya har sai na watsa hatsi. Da ita nake hira, tunda ita ba ta da aiki a wani gari.

Na share ɗakinki, na canza zanin gado. Karo na uku ke nan ina canza shi ba wanda ya kwanta a kai. Ki rubuto mini rana. Ba "in an kwana biyu" ba, rana mai suna da lamba.

Mahaifiyarki.

18 ga Maris

Zuwa ga Mama,

Barka da war haka, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai dai tafin hannuna da ya tsage saboda ruwan gishiri. Wasiƙarki na karanta ta sau uku, har na ji muryarki.

Ki gaya wa matan unguwa sunan tsuntsun filamingo. Ya fi zalɓe tsawo, gashinsa ruwan hoda, bakinsa a lanƙwashe, yana yini tsaye a ruwa da ƙafa ɗaya. Muna da arba'in da biyu, ban da gauraka da zalɓe da sauran masu yawo a bakin ruwa. Aikinmu su hayayyafa, mu raini 'ya'yan, mu kai wa gidajen namun daji da suka nema. To shekara uku ke nan filamingon ba su yi ƙwai ko ɗaya ba. Su ba sa haihuwa sai sun ga kansu cikin taro mai yawa, arba'in kuwa a wurinsu kamar ba kowa ne. Watan jiya muka jera manyan madubai a gefen tafkin. Yanzu suna ganin kansu ɗaruruwa, sun fara rawa a jere, waɗansu har sun fara tara laka suna gina sheƙa kamar turmi a kife.

Ga abin da na daɗe ina jin nauyin faɗa miki. Muna da doka saboda murar tsuntsaye. Duk wanda ya shiga gidan da ake kiwon kaji, ba zai tsallaka shingen tsuntsayenmu ba sai ya yi kwana goma, don cutar tana bin takalmi da tufafi ko da kajin lafiyarsu ƙalau. Hutuna mako ɗaya ne. Idan na zo gida ya zama kwana goma sha bakwai, mu biyu ne kawai masu kula da tafkin, manaja ya ce ba zai yiwu ba.

Amma na yi wani tunani. Akwai masauki mai tsabta a garin da ke tsakaninmu. Sai mu haɗu a can mu yi kwana uku. Abin da likitanmu ya ce kawai shi ne ki yi wanka kafin ki fito, ki sa kayan da ba su taɓa shiga wurin kaji ba, har takalmi. Zan aiko miki da sabo.

A gaida Gurguwa.

Taki,
Auta.

1 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ki, don gaisuwa hakki ce. Lafiyata ba ta da wani labari.

Na sa tabarau na karanta, na cire, na goge, na sake karantawa. Ashe ni annoba ce ban sani ba. Ni da na yi miki wanka sau biyu a rana har kika yi wayo, ni za a rubuto wa in yi wanka kafin in gan ki. A ina aka taɓa yin haka? Takalmin da kika aiko yana cikin ledarsa, na mayar wa direba.

Gidan da kike gudu a cikinsa aka haife ki, kuma da kaji a tsakar gida. Ƙwansu kika ci kika yi tsawon da kike taƙama da shi. Ba ki taɓa mura ta wuce kwana biyu ba. Babanki shekara arba'in yana taka wurin nan, ba kaza ce ta kashe shi ba. Yau kuma don kin karanta ilimin dabbobi, gidan uwarki ya zama wurin da ake kwana goma ana kakkaɓe shi daga jiki.

Ba zan je masauki in ga 'yar da na haifa kamar mai ziyarar fursuna ba. Ina da gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Batun madubi kuma, ban ga abin alfahari ba. Kun raba halittar Allah da danginta, kun tsare ta a shinge, sannan kun kafa mata gilashi kuna yi mata ƙarya cewa tana cikin jama'a. Yaudara sunanta, ko da tsuntsu aka yi wa. Ki yi hankali da sana'ar da ake koya miki cewa inuwa tana maye gurbin ɗan'uwa, don na fara ganin alamarta a wasiƙunki.

Ki zauna da masu dogon wuyanki. Allah ya ba da sa'a.

Mahaifiyarki.

15 ga Afrilu

Zuwa ga Mama,

Ina kwana, ya jiki, ya gwiwa? Ni ina lafiya.

Mama ki yafe mini. Wallahi ban ce ke ko gidanmu akwai ƙazanta ba. Ni kaina sau biyu nake wanka da canza kaya kullum kafin in shiga wurin tsuntsaye, in taka ruwan magani da takalmin roba. Manaja ma haka yake yi. Na saba da maganar har na manta yadda za ta faɗo a kunnen wanda bai saba ba. Laifina ne.

Sun yi ƙwai, Mama. Tara. Huɗu sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan toka-toka ne, ba kyan gani, kamar an dunƙule auduga mai datti. Uwa da uba suna ciyar da su da wani jan ruwa da ke fitowa daga maƙogwaronsu, kuma da kwanaki ke tafiya sai launin iyayen ya riƙa koɗewa, har ka gane mai ɗa daga nesa don ya yi fari fat. Da na gani sai na tuna hotonki na ofis da ke falo, da yadda kika koma bayan jinyar Baba.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan iyayensa sun ƙi shi. Ni nake ba shi abinci da sirinji sau shida a yini. Yana bin takalmina duk inda na sa ƙafa. Likita ya ce kada in bari ya saba da ni sosai, in ba haka ba zai ƙi shiga cikin 'yan'uwansa.

Kada ki ɗauka daɗi nake ji a nan. Ɗakina gado ne da tebur da risho, taga tana kallon tankin ruwa. Ranar Lahadi nakan yini ban yi magana da ɗan'adam ba. Kofi biyu na saya da na zo, ɗayan har yau da takardarsa a gindi.

Ki rubuto ko faɗa ne.

Taki,
Auta.

13 ga Mayu

Zuwa ga Mama,

Ina gaisuwa. Ni lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Sau biyu direba yana dawowa hannu wofi. Ya ce kina karɓar wasiƙa a bakin ƙofa, ki ba shi ruwa, ki ce babu saƙo. Jiya na matsa masa, sai ya ce wani abu ya ba shi mamaki: bai ji kukan kaza ko ɗaya ba, ya leƙa ya ga akurki a buɗe, an shafe shi da farar ƙasa.

Mama, me ya sami kajin? Idan ciwo ne ya shiga cikinsu kada ki taɓa gawar da hannu, kuma ki je asibiti a duba ki. Idan fushi kike yi da ni ki ci gaba da yi, amma ki rubuta layi ɗaya in san kina tsaye da ƙafarki.

Taki,
Auta.

26 ga Mayu

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Ina tsaye da ƙafata, har da mai ciwon. Ba abin da ya sami kajin, kuma direban nan bakinsa ya fi motarsa gudu.

Tunda kin tambaya zan faɗa. Bayan na aika miki waccan wasiƙar na je wurin likitan dabbobin da ke bayan kasuwa, da niyyar ya gaya mini ƙarya kike yi. Ya ce gaskiya ce, har ya ce wurin aikinku sun san abin da suke yi. Ban ji daɗi ba, amma ni ba na jayayya da doka. Na tambaye shi, to idan gida ya rabu da kaji fa? Ya ce idan an kwashe su, an wanke akurki da tsakar gida da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka yi kwana goma cur kaza ba ta taka wurin ba, to gida ya zama kamar kowane gida. Ki tambayi naku likitan ko haka ne.

Na kai su gidan matar tela da ke ƙarshen layi, duk goma sha bakwai. Na wanke wurin da hannuna, na shafa farar ƙasa, na soma sa alama a kalanda. Na yi niyyar ba zan rubuto miki ba sai ranar da zan ce gidan ya cika kwana goma, ga shi nan, sauran uzuri kuma ki nemo. Shi ne dalilin shirun.

Ranar kwana na tara na fito da safe na tarar da Gurguwa a bakin kicin, ta karkata kai. Layin nan gida goma sha ɗaya ne, da ƙafa ɗaya da rabi ta tako shi. Na kore ta da tsintsiya, na sake wanke wurin, na koma ƙirga daga ɗaya. Ta dawo a kwana na huɗu. Ta dawo a na shida. An ɗaure ta da tsumma, ta tsinke shi da baki. An kife ta da kwando, ta ƙi cin abinci har aka ji tsoro aka buɗe. Sau biyar ke nan ina komawa ɗaya, kalandar duk ta ɓaci da gogewa. Shekaranjiya da na ɗaga tsintsiya ko gudu ba ta yi ba, ta tsuguna kawai ta rufe ido.

Matar tela ta ce, "Yaya, kin san fa sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Na ce ba yau na fara jin wannan ba. Na gaya wa tela ya zo da wuƙa ranar Juma'a ta sama, shida ga wata. Ta tsufa, ba ta ƙwai, kuma mutum ba ya fifita kaza a kan 'yarsa, ko da ita 'yar ta fifita tsuntsu a kan uwarta.

Tsakar gidan ya yi faɗi. Ban san kaji suna cika wuri haka ba. Kuma tunda ba na ɓoye gaskiya, na gwada dabarar taku. Na jawo madubin ɗakinki na jingina shi a kujerar babanki lokacin cin abinci. Tsuntsayenku ba su da wayo. Ni dai tsofaffi biyu na gani, kowace tana cin abinci ita kaɗai. Na mayar da shi.

Ɗan tsakon naki kada ki cika shi da abinci don tausayi. Ki bi abin da likita ya ce.

Mahaifiyarki.

3 ga Yuni

Mama,

Ina gaisuwa, ina lafiya, ina rubutu a tsaye.

Kada a yanka Gurguwa. Don Allah kada a yanka ta. Wasiƙarki sai jiya ta iso, motar ta lalace a hanya ta yi kwanaki. Na kira Yaya ko yana da lambar wani a layinmu, ba shi da ita. Direba ba zai fita ba sai mako mai zuwa, don haka na ba wani mai motar haya wannan, ya yi mini alkawarin zai kawo miki kafin Juma'a.

Likitanmu ya ce abin da aka gaya miki daidai ne, amma ba sai an kai ga haka ba. Na je wurin manaja na ce ko a ba ni hutu ko in ajiye aikin. Ya yarda in yi mako ɗaya a gida, in na dawo in yi kwana goman a sito ina auna abinci, a wajen shinge. Abokin aikina zai karɓi ɗan tsakon. Kafin in koma ciki za a haɗa shi da 'yan'uwansa, ba zai ƙara sanin takalmina ba. Ba komai, dama haka ake so.

Da tuni na yi wannan, Mama. Tsoron manaja ya hana ni, da kuma tsoron in shigo gidan in ga kujerar Baba.

Ki dawo da kajinki duka. Ina zuwa ranar Talata, goma sha bakwai ga wata. Ga ranar, da sunanta da lambarta.

Taki,
Auta.

8 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa. Lafiyata ƙalau. Gwiwar ta ɗan kumbura saboda durƙuson wanke tsakar gida, za ta sauka.

Mai motar hayar ya kawo wasiƙarki jiya Asabar da hantsi. Ya ba da haƙuri, ya ce ya manta da ita a aljihun mota. Ban yi masa faɗa ba, ke ma kada ki yi. Tela mutum ne mai cika alkawari, ya zo ranar Juma'a kamar yadda muka yi.

A gidansu aka yi, ban bari a yi a nan ba. Ni na ɗauke ta na kai ta, ba ta yi ko motsi ba, ta ɗauka wani wurin hatsi za mu. Na ce su ci da yaransu, kada su aiko mini. Ba na son ki yi kuka a kan wannan, kuma ba na son idan kin zo ki tayar da maganar. Ni na yanke shawara, ba ke ba.

Yanzu ki saurara. Rabon da kaza ta taka gidan nan tun Juma'a da safe. Na sake wanke ko'ina. Ranar Litinin, goma sha shida ga wata, zai cika kwana goma, ke kuma Talata kike tafe. Saboda haka ki koma wurin manajanki ki ce ba kya bukatar zaman sito. Za ki yi makonki a gida mai tsabta ki koma kai tsaye wurin ɗan tsakonki. Abin da aka ɗora wa mutum amana ba ya miƙa wa wani a tsakiyar hanya, ba haka na raine ki ba. Sauran kajin suna nan gidan matar tela har ki zo ki tafi. Ko leƙa su ba na yi, don kada in kwaso wani abu a takalmi. Wanda kika aiko ma ki taho mini da shi, na ga kamar zai yi mini daidai.

Kujerar babanki tana inda take. Kujera ce kawai, za ki iya zama a kanta. Ki taho da kofin nan naki mai takarda a gindi, a sha wani abu da shi ko ya san amfaninsa.

Saura magana ɗaya, don na ce miki ba na ɓoye gaskiya, alhali a waccan wasiƙar na ɓoye rabi. Kin san ƙofar gidan nan ƙarfe ce, katangar kuma ta fi ƙarfin kaza mai ƙafa biyu, balle ita. Ba ta taɓa shigowa da dabararta ba. Ni ce kullum da asuba nake zare sakata in bar ƙofar a ɗan buɗe, in ce iska nake so. Sau biyar ɗin nan da na koma ɗaya, ni na jawo, na kuma ɗaga mata tsintsiya a kan laifina. Allah ya yafe mini.

Hannun ya riga ya saba, yau ma na zare. Idan kin iso ranar Talata ba sai kin ƙwanƙwasa ba, dama ba zan ji ba. Ki turo kawai.

Mahaifiyarki.